Baba Ambaliya da Gadar Mita Ɗari da Huɗu

Na Allah muke dukanmu, kuma wurinSa za a tattara mu, babba da yaro. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran tsohon babban injiniyan ofishinmu na kula da ruwan koguna, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti. Ya bar duniya yana da shekara sittin da shida. Ina zaune gaban kwamfuta babbar 'yarsa ta kira ni, ta ce, “Malama, Baba ya cika.” Na ce mata to, na ajiye wayar, na ci gaba da buga abin da nake bugawa har layi uku kafin hannuna ya fahimci abin da kunnena ya ji.

Gidan ya cika maƙil da masu gaisuwa. Injiniyoyi sun zo, direbobi sun zo, tsofaffin masu awon ruwa sun taso daga tashoshi masu nisa a kan babura, wani ma ko hular kwano bai tuna ya tuɓe ba. Kowa ya durƙusa sai ka ji ya ce, “Allah Ya jiƙan Baba Ambaliya,” sannan ya sunkuyar da kai yana danne murmushi, domin sunan ba ya fita daga baki sai da 'yar dariya a bayansa. Da yawa cikinsu ba su ma san yana da wani suna ba. Ni kuwa duk sa'ad da aka faɗe shi sai in kau da kai, saboda sunan nan ba nasa ba ne. Nawa ne. Ni na yi ɓarnar da ta jawo shi, shi ya ɗauka ya rataya a wuyansa, na kuma bar shi da shi shekara shida ban ce uffan ba. A zaune a falon nan, tsakanin 'ya'yansa mata, na ɗaura niyyar wanke shi a gaban kowa, ko da hakan zai raba ni da kujerar da nake kai yanzu, wadda ita ma tasa ce.

Baba, bari in juyo gare ka, tunda ba ka son a yi maganarka kamar ba ka wurin.

Ka tuna yadda na zo muku. Aikin gwaji aka ba ni na wata shida, ina ɗauke da sabon digiri, kaina a kumbure sai ka ce ni na ƙirƙiro lissafi. An ɗauke ni ne in kwashe lissafin ofis daga rajista da kalkuleta in mayar da shi wani harshen kwamfuta da aka yi domin injiniyoyi, harshen da komai a cikinsa jadawalin lambobi ne, sahu a kwance da sahu a tsaye. Darakta, mutumin da ba ya dariya sai an rubuto masa a takarda, ya ce kai zan fara koya wa. In ka yarda kowa zai yarda, in ka ƙi kuwa in tattara komatsaina.

Ɗakinka na ƙarshen baranda a hawa na biyu. Kabad-kabad na ƙarfe sun kewaye shi, cike da shuɗɗan rajistoci na shekara arba'in. Ga fanka mai kaɗa kai tana musanta duk abin da aka faɗa, ga taga da ke kallon layin kanikawa. A teburinka akwai rula, da fensir uku, da kalkuletar da lambar bakwai ta goge don yawan dannawa. An kawo maka kwamfuta an ajiye a gefe, ka lulluɓe ta da tsohuwar taswira. Na shigo da shirin faɗa, don an gaya mini tsofaffi taurin kai gare su. Sai kawai ka ja kujera, ka goge tabarau da bakin riga, ka ce, “To Malama, ga ɗalibinki. Ki bi ni a hankali, kan ya kwana biyu.” Tun daga ranar na zama Malama a ginin nan, har a bakin mai gadi.

Na buɗe maka tagar da ake rubuta umarni, fara fat, ba komai sai wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Ka tambaye ni me yake jira. Na ce kai yake jira. Ka ce shekara talatin da huɗu kana aiki a nan ba a taɓa jiran ka ba sai yau. Ka buga biyu a tara da biyu da yatsa ɗaya, kana laluben kowace lamba. Ta ba ka huɗu. Ka jawo kalkuletarka ka danna, ka dubi wannan, ka dubi waccan, ka ce, “Bakinsu ya zo ɗaya. Mu je gaba.”

Da na gaya maka cewa a wurinta ko lamba ɗaya tilo jadawali ce, mai sahu ɗaya kwance da ɗaya tsaye, ka daɗe kana shafa gemu. Ka ce wato ko kai kaɗai ka zauna a ɗaki, ita a ganinta an yi taro. Na ce kusan haka ne. Ka ce to lallai ta dace da aikin gwamnati.

Ranar da ta fara yi maka jan rubutu ma ba zan manta ba. Ka so ka ninka jadawali biyu da ba su dace da juna ba, ta ƙi, ta watso maka layi biyu ja wur. Ka ja kujera baya, ka dafa ƙirji, ka ce, “Ni? Me na yi mata?” Na bayyana maka cewa ba zagi ba ne, sai yawan sahun tsaye na jadawalin farko ya yi daidai da yawan sahun kwance na na biyu kafin a ninka su. Ka ɗauki fensir ka gwada a takarda, ka ga lallai ba hanya. Ka ce gaskiyarta ce, amma ai ba sai ta faɗa da ja a gaban yarinya ba. Daga ranar, kafin ka danna komai sai ka tambayi kanka da ƙarfi, “Nawa ne kwance, nawa ne tsaye?” Yau duk wanda ya koya a hannunka haka yake yi, har wani baƙo ya taɓa leƙowa ya tambaya ko nan ne ɗakin shan magani.

Akwai 'yar alamar da ake sa wa a ƙarshen layi don na'ura ta yi aikinta a cikinta ba tare da ta zazzago komai a fili ba. Ka manta da ita ranar da muka ɗora awon shekara arba'in na tasha ta ɗaya. Lambobi dubu goma sha huɗu da ɗoriya suka kama kwararowa a fuskar kwamfuta ba tsayawa. Ka ɗauka rajistar ce take zubewa. Da girmanka da komai ka yi tsalle ɗaya ka zare waya daga bango. Ka kashe kwamfuta, ka kashe fanka, ka kashe butar shayin sakatariya, wadda ta yi kwana biyu tana gaishe ka ciki-ciki.

Sunayen da kake sa wa ayyukanka kuwa sai dai a yi shiru. Na farko “sabo.” Da ka gyara shi ya zama “sabo na biyu,” sannan “sabo na gaske,” sannan “wannan ne wallahi.” Har gobe lissafin ambaliya na ofishinmu kaf a kan “wannan ne wallahi” yake tsaye, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin canza masa suna.

Amma sau ɗaya na ga abin ya taɓa ka. Na nuna maka yadda layi ɗaya tak yake fitar da matsakaicin awon kowane wata na shekara ashirin. Kafin ka gyara zaman tabarau amsa ta fito. Ka buɗe kabad ka zaro wani littafi, ka gwada, lamba da lamba, duk daidai. Ka ce wannan aikin wata biyu ka yi kana yin sa a shekarar da aka haifi 'yarka ta biyu, har ta fara zama ba ka sani ba. Ka fita baranda ka tsaya kana kallon kanikawa. Na ce shi ke nan, tsoho ya yi zuciya, aikina ya tafi. Can sai ka dawo ka zauna, ka ce, “Sake yi in gani. A hankali.”

Duk darasinmu a kan rajistar tasha ta ɗaya muka yi shi, kuma a nan na faɗa rami ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: muna da tashoshi goma sha tara a bakin koguna. A kowace an kafa dogon ma'auni a cikin ruwa, an ɗauki mutum ɗaya daga ƙauyen kusa, ya je kowace safiya ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta a rajista, mita biyu, mita uku da rabi. Babban kogin bai taɓa kai mita bakwai ba tun da aka fara awo. To amma mai awo ɗan Adam ne. Yakan yi zazzaɓi, babur yakan ƙi tashi, wani kuma barcin safe ne yake yi masa daɗi. Tun kafin a haife ni aka saba, ranar da ba a je ba sai a rubuta casa'in da tara. Ba a barin gurbi, kada a ce an manta, ba a kuma rubuta sifiri, kada a ce kogi ya ƙafe. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan ƙa'ida a ko'ina. Idonku ya saba tsallake ta yadda ake tsallake kwata a ƙofar gida, har kun manta kuna tsallakewa. Waɗanda suka buga rajistocin a kwamfuta abin da suka gani suka buga. Mai awon tasha ta ɗaya kuwa, shi da mahaifinsa da ya gada, ba su taɓa fashin kwana ɗaya ba, don haka ban taɓa cin karo da casa'in da tara ba.

Saura mako biyu gwajina ya ƙare aka turo mana aiki. Za a gina gada kusa da tasha ta bakwai, ana son mu faɗi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, don a san tsayin da za a ba ta. Darakta ya ce a yi da sabon harshen a ga amfaninsa. Na karɓe aikin ni kaɗai, na ce maka ka huta. Layi ashirin na rubuta. Na umarce ta ta ɗauko awo mafi girma, ta ƙara mita biyar na kariya, ta zana hotuna, ta fitar da rahoto shafi arba'in kai tsaye zuwa bugawa. Safiyar taron ka tare ni a baranda ka ce, “Malama, kin duba?” Na ce na duba. Ban duba ba, Baba. Launin bangon rahoton kawai na duba, na ga shuɗin ya yi kyau.

Mutum ashirin ne a ɗakin taro, huɗu daga cikinsu baƙi daga ma'aikatar da za ta gina gadar. Aka raba rahoto, aka kashe fitila, na haska zanen a bango. Ga kogi yana tafiya lafiya lau a ƙasa, mita biyu, mita uku, sai ya yi tsalle ya bugi saman zanen ya dawo, ya sake tsalle ya dawo, sau ɗari uku da wani abu. Babban baƙon ya juya shafin ƙarshe ya karanta da ƙarfi: tsayin gada, mita ɗari da huɗu. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin. Ginin ofishinmu duka bai kai mita goma sha biyar ba. Ya ce, “Yallaɓai Darakta, motoci za su hau gadar nan, ko jirage ake son a tare?” Wani kuma ya gano cewa ambaliya mafi tsawo a tarihin kogin, kwana goma sha ɗaya a jere, a tsakiyar rani ta auku. Daga can baya shugaban masu awo ya yi gyaran murya ya ce, “Ai lokacin da mai awon tasha ta bakwai ya yi aure ke nan.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, ban da Darakta. Ya juyo a hankali yana neman fuskata a cikin duhu. Na hango kaina a gida ina yi wa mahaifiyata bayani. Na buɗe baki, kuma har yau ban san ko gaskiya zan faɗa ba, sai na ji ƙarar kujerarka.

Ka ce, “Yallaɓai, a yi haƙuri, ni ne. Malama ta gama aikinta tsaf, na ce ta bar ni in taɓa. Kun san tsoho da sabon abin wasa.” Sannan ka dubi babban baƙon ka ce, “Amma dai ka yarda ruwa ba zai taɓa gadar ba.”

Mutumin ya yi dariya har da dukan tebur. Kai kuwa ka bi kujeru kana tattara rahoton ɗaya bayan ɗaya, ka kai kabad ka kulle. Kafin baƙi su gama sauka daga bene wani cikinsu ya waiwayo ya ce, “Sai an jima, Baba Ambaliya.” Mai gadi ya ji, kuma abin da mai gadinmu ya ji gari ya ji.

Abin bai tsaya a dariya ba. An rubuta maka takardar gargaɗi, ta farko a duk tsawon aikinka, aka kuma sauke ka daga shugabancin kwamitin fasaha na shekara guda. Ni kuma aka tabbatar da ni a aiki. Darakta ya kira ni ofishinsa ya tambaye ni ko yadda ka faɗa haka abin yake. Na dubi ƙasa na ce haka yake.

Da yammacin ranar na same ka a ɗaki kana fiƙe fensir. Mu biyu ne kawai, ba mai jin mu. Ka ce, “Malama, jawo kujera mu ga inda na yi kuskure.” Ko a nan ba ka ce inda kika yi ba. Na samu mafaka a cikin maganar na shige, na jawo kujera.

A zaman nan muka gano cewa harshen yana da wata alama ta musamman da ke nufin ba a sani ba. Da layi ɗaya muka sa ta bi jadawalin kaf, duk inda ta ga casa'in da tara ta cire ta sa wannan alama. Abin ya burge ka ƙwarai. Ka ce ka yi aiki a ƙarƙashin manya da yawa, ba ka taɓa samun wanda ya iya cewa bai sani ba sai yau. Muka nemi matsakaicin awo, sai tashoshi goma sha takwas suka amsa baki ɗaya: ba a sani ba. Ashe in kwana ɗaya ya ɓata mata, shekarar duka take yarwa. Ka ce to yanzu kuma tawali'un ya yi yawa. Sai da muka koyi yadda ake ce mata ta tsallake guraben ta yi da abin da ke hannu. Gadar ta sauko zuwa mita goma sha ɗaya da rabi. Tana nan tsaye, ina bi ta kanta duk lokacin da zan je gaishe da mahaifiyata, kuma ban taɓa hawa ta ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Kwana biyu bayan haka ka sa direba ya kai mu tasha ta bakwai. Ka tsayar da ni a bakin ruwa gaban ma'aunin, takalmana suna nutsewa a laka. Mai awon ya zo yana ta sosa ƙeya, yanzu da 'ya'ya shida. Ka ce in ɗaga kai in nuna maka inda mita casa'in da tara take. Na ɗaga, ba komai sai shirwa tana shawagi. Tun daga nan ya zama dokar ɗakinmu, sabon mai koyo ba ya taɓa kwamfuta sai ya je ya ga kogi da idonsa, kuma ba ya lissafa komai sai ya fara zana hotonsa ya kalla.

Mutum talatin da wani abu suka koyi harshen nan a hannunka, har da sakatariyar mai butar shayi, wadda yanzu ita ke gyara wa injiniyoyi. Wanda ya tsorata da jan rubutu kai kake zama kusa da shi, ka ce kada ya damu, kai ta zage ka fiye da haka. Kowane aji da labarin gadar kake buɗe shi, kana ba da shi a kanka, kuma duk shekara sai ka ƙara mata tsayi. Bara ta kai mita ɗari biyu, har da wani jirgi da ya ɗan goge ta. Ina zaune a lungu ina dariya tare da su. Allah Ya yafe mini, har tafi na taɓa yi.

Ka zo ka fi ni a abubuwa da yawa. Sama da kowane layi sai ka rubuta da magana mai sauƙi abin da layin yake yi da dalilinsa, yadda ko bayan ranka za a gane, kuma ga shi ana ganewa. In ka hango kuskure a aikina ba ka cewa kuskure ne. Sai ka ɗaga yatsa kamar ɗan aji, ka ce, “Malama, ɗalibi na da tambaya.” In na ji haka na san in koma layin da idonka yake kai.

Duk farkon damina sai ka tarar an ajiye maka lema a tebur. Ranar da ka yi ritaya bara, rigar ceto ta masu shiga kwale-kwale aka ba ka kyauta, mai launin lemo, ka sa ta a kan rigarka ka tsaya aka ɗauki hoto. A wannan taro na karɓi abin magana da niyyar in fasa ƙwai kowa ya ji. Na tsaya, na dubi Darakta, sai na ce kai mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci, na zauna. A asibiti ma, kwana ɗaya kafin rasuwarka, na zo da maganar a bakina. Ka buɗe ido ka gan ni, ka tambaye ni ko awon tasha ta bakwai ya iso yau. Na ce ya iso, mita biyu da kwata. Ka ce madalla, ashe ya je. Nas ta shigo ta ce lokacin dubiya ya ƙare, na tashi na fita, kuma, Allah Ya sani, har da ɗan sauƙi na ji a raina.

Ranar Litinin da ta wuce, a taron farkon mako, na miƙe. Na rubuta takardar ajiye muƙami tana cikin jakata. Na faɗi komai, tun daga casa'in da tara har ƙaryar da na yi maka a baranda da wadda na yi wa Darakta a ofishinsa. Na ce ba ka taɓa ko layi ɗaya a aikin nan ba. Na gama na tsaya ina jiran ɗakin ya rufto mini.

Ba wanda ya motsa. Sakatariya ta ci gaba da juya cokali a kofinta. Darakta ya cire tabarau ya ce, “Malama, zauna. Sunanki na ƙasan kowane shafi. Shafi arba'in.”

Sai a lokacin na tuna. Ni da hannuna na ƙara layin da ke sa na'ura ta buga sunana a ƙasan kowane shafi, don kowa ya san wadda ta yi aikin. Ruɗewar ranar ta shafe mini shi daga kai, kai kuma ka kulle takardun ban sake ganin su ba. Na ce, “Wato kowa ya sani?” Darakta ya ce kowa, ban da baƙin, su da ba su karanta komai ba sai tsayin gadar a shafin ƙarshe. Na ce, “Har direba?” Direba ya amsa daga bakin ƙofa, “Malama, ai ni na kai aka ɗinke su.”

Darakta ya ce a ranar, tun kafin a tashi aiki, ka bi tebur-tebur. Ka ce wanda aka kunyata a farkon koyo ba ya sake taɓa na'ura da sakin jiki, kuma ofis na buƙatar hannuna fiye da yadda yake buƙatar sunanka. Ka ce kai ka ci lokacinka, a yi maka dariya. Duk wanda ya kuskura ya nuna mini ya sani kuwa, ka ce shi da kai ne. Takardar gargaɗin ma kai ka rubuta da hannunka, ka ce a ƙara mata zafi don baƙi su gamsu, shi sa hannu kawai ya yi. Ya ce in bar takardata a jaka, sakatariya ta riga ta gaya masa tana ciki. Daga nan Darakta ya yi dariya, ba a rubuto masa ba, sannan ya fitar da hankici ya daɗe yana share ido.

Shekara shida, Baba. Ina yawo a ginin nan da sirri a ciki, ina tsorata da inuwata, ashe ni kaɗai ce ake ɓoye wa wani abu. Na yi dariya a ɗakin taron nan har cikina ya ƙulle, sannan na koma ɗakinmu na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba. Ba kunyar ce ta sa ni kuka ba. Shekara biyar teburina na kallon naka, in na miƙa hannu zan taɓa rularka, ban taɓa ce maka na gode ba, don kada godiyar ta tona ni. Ashe ba abin da ya rage da za ta tona. Da kowace safiya na faɗa, da ka ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, mahaifiyarmu, wadda ta yi shekara arba'in tana haƙuri da rajistoci a kan teburin cin abinci. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa na ofis, da masu awo na tashoshi goma sha tara waɗanda ya san sunan kowannensu da na 'ya'yansa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa Ya haskaka shi, Ya sa ilimin da ya bari a hannunmu ya riƙa isa gare shi, Ya kyautata namu ƙarshen in lokaci ya yi.

Kunnenka ya yi mini nisa yanzu, Baba, don haka na kai maganar wurin Wanda ke jin mu duka. Ya Allah, bawan nan naKa ya rufa mini asiri a gaban mutum ashirin ban roƙe shi ba, ban kuma gode masa ba. Ka rufa masa nasa ranar da za Ka tara kowa da kowa. Amin.